Zuwa ga Alhajin Jidda, kan musun Taprobana

Tudun Wada, Zariya

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Alhaji.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Ya zafin Jidda, ya kasuwa? Mu nan alhamdu lillahi, damina ta zauna sosai, masara har ta fara goyo. Tun bayan Babbar Salla ba wanda ya ji ɗuriyarka, 'yan majalisa har sun fara cewa riyal ya toshe maka kunne. Kwatsam sai ga hoton tsohuwar taswira ka turo da tsakar dare, babu sallama babu gaisuwa, sai "wannan tsibirin na su wane ne?" Halin Bakano ke nan, ba ya tuna Bazazzagi sai ciniki ya cije masa. Amsar ba za ta shiga saƙon murya ba, shi ya sa na zauna na rubuto.

Idan na fahimce ka, tela maƙwabcinka ɗan Indunisiya ya ce Taprobana tsibirinsu ne, wato Sumatra, har ya nuna maka sunan a saman takardar. Mai shayin layinku ɗan Siri Lanka kuma ya rantse nasu ne. Shi kuma mai shagon tsofaffin kaya yana jiran ka zaro kuɗi. To mai shayi ne da gaskiya. Amma kada ka ƙaryata tela, don abin da ya karanta a rubuce yake, kuma manyan masu zanen taswira na Turai sun shafe fiye da shekara ɗari suna faɗin abin da ya faɗa.

Sunan ya fito ne daga Tambapanni a harshen Pali, ko Tamraparni a Sanskirit. Mutanen tsibirin suna da littafin tarihin sarakunansu, Mahawamsa, wanda wani malamin addinin Buda ya tsara wajen ƙarni na 5. A ciki an ce wani ɗan sarki mai suna Wijaya, wanda aka koro daga arewacin Indiya, ya sauka a gaɓar tsibirin da mutum 700, a lissafinsu shekara 543 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Da suka fito daga jirgi a gajiye suka dafa ƙasa, sai tafin hannunsu ya rine ja. Tamba jan ƙarfe ne, pani kuma hannu, sai aka kira wurin haka. Jar ƙasar gaskiya ce, tana nan har yau a gaɓar arewa maso yamma, wajen Kudiramalai, kudu da Mannar. Amma ni ban ɗauki labarin dafa ƙasar a matsayin asali ba. A ɗaya ɓangaren ruwan, a ƙasar Tamil ta kudancin Indiya, akwai kogi mai wannan suna, Tamraparni, yana zuba a tekun Mannar daidai inda ake nutso a ciro lu'ulu'un kawa tun zamanin da. Sarki Ashoka na Indiya, wanda ya yi mulki wajen 268 zuwa 232 kafin Annabi Isa, ya sa an sassaƙa sunan Tambapanni a kan duwatsu cikin jerin ƙasashen da ke kudu da daularsa, kuma masana har gobe suna ja-in-ja ko kogin yake nufi ko tsibirin. Abin da ya fi kwanta mini shi ne sunan na yankin fataucin lu'ulu'un ne, gaɓa biyu suna kallon juna, fatake suka ɗauke shi suka yafa wa tsibirin gaba ɗaya. Labarin hannu daga baya aka ɗinka masa.

Girkawa a bakin mutanen Indiya suka ji shi, harshensu ya lanƙwasa shi ya koma Taprobane. Na farkon da ya rubuta shi Onesikiritus ne, matuƙin jirgi a rundunar Iskandar na Makidoniya, sai Megastinis, jakadan da ya zauna a fadar sarkin Indiya Candragupta wajen shekara 300 kafin Annabi Isa. Ka riƙe wannan da kyau: duk cikinsu babu wanda ya taka tsibirin. Ji ta ji ta ce suka rubuta, kuma daga nan ɓarnar ta faro.

Ga yadda ta faru. A wancan zamani ba a auna nisan teku da komai sai kwanakin tafiya. A tambayi matuƙi kwana nawa ya yi, a ninka da abin da ake zaton jirgi yana ci a yini, a fitar da adadi da ma'aunin Girkawa, sitadiya, wadda tsawonta yake tsakanin mita 157 da 185 gwargwadon wadda aka yi aiki da ita. Onesikiritus ya ce tafiyar kwana 20 ce daga Indiya. Alhali tsakanin tsibirin da Indiya akwai jerin tudun yashi da ake kira Gadar Adamu, tsawonta kilomita 48 kacal. Ruwan wurin ba zurfi, jirage suna lallaɓawa ne, kuma ba a san daga wace tashar aka fara ƙirga kwanakin ba. Onesikiritus dai ya ce girman tsibirin sitadiya 5,000, bai ce tsawo ba, bai ce faɗi ba, bai ce kewaye ba. Sitirabo, masanin ƙasa Bagirke da ya zo daga baya, ya yi ƙorafin haka. Iratostinis na Iskandariyya ya ce tsawo 7,000, faɗi 5,000. To ɗauki alƙalami, tunda lissafi ne abincinku. Sitadiya 7,000 sau mita 185 ya ba ka kilomita 1,295. Gaɓar Siri Lanka idan ka zagaye ta kaf kilomita 1,340 ce. Ka ga inda na dosa? A ganina kewayen tsibirin matuƙa suka faɗa, masu rubutu suka ɗauke shi tsawo.

Kafin in manta, ƙaninka ya ce in gaya maka kwanon ɗakin baya na gidanka na Kano yana yoyo, ruwa har ya fara cin katangar da ke kallon gidan Liman. Ya kira kafinta ya duba, ya ce ba faci ba ne, sai an sauya fallen kwano da katakon da ya ruɓe. Ya turo maka lissafi sau biyu ba ka ce komai ba. Kana can kana cinikin takardar da ta shekara ɗari huɗu, gidanka da bai kai ashirin ba yana narkewa. Ka kira shi, don Allah, kafin ruwan Agusta.

To mu koma. Wanda ya kafa kuskuren ya zauna daram shi ne Batlimus na Iskandariyya, wanda Turawa ke kira Tolomi, wajen shekara ta 150. Littafinsa na labarin ƙasa jerin wurare ne kusan 8,000, kowane da lambobinsa na tsaye da na kwance, yadda duk mai takarda da abin ja layi zai iya zana taswirar da kansa. Aiki ne na ban mamaki, ban yarda a raina shi ba. Sai dai ya ɗauki duniya ƙarama: kewayenta sitadiya 180,000, wato 500 a kowane digiri, maimakon 700 da Iratostinis ya lissafa. Raba 7,000 da 500, ka sami 14. Shi kuwa Batlimus ya shimfiɗa Taprobana daga digiri 12 da rabi arewa da layin ikwaita har digiri 2 da rabi kudu da shi, digiri 15 ke nan. Tsibirin na gaskiya yana tsakanin digiri 6 da 10 arewa, tsawonsa kilomita 432, faɗinsa 224, bai ko kusanci ikwaita ba. Girmansa murabba'in kilomita 65,610, bai kai jihar Borno ba. Batlimus ya kumbura shi kusan sau 14, wato ya mai da shi kusan girman Nijeriya. Kuma ka duba wata taswirar duniya ta Batlimus: Indiya ba ta da tsinin nan nata da ya zuro kudu, a daɗe take kamar an datse ta. Shi ya sa wasu ke ganin wani ɓangare na kudancin Indiya ne ya narke cikin tsibirin.

Duk da haka, abin da ya zuba a cikin tsibirin shi ne hujjar mai shayi, kuma hujja ce da ba ta da makawa. Akwai birnin sarki Anurogrammon, wato Anuradapura, wadda ta yi fiye da shekara dubu tana babban birni. Akwai kogi mai suna Ganjis, wato Mahaweli Ganga, kogi mafi tsawo a ƙasar. Akwai Nagadiba a arewa, wato Nagadipa ta wajen Jafna. Akwai mutanen Rogandanoi a kudu, wato Ruhuna. Akwai duwatsun Malaya, kuma haka tsofaffin littattafansu ke kiran tsaunukan tsakiya. Ya ce a gaban tsibirin akwai tarin ƙananan tsibirai 1,378, waɗannan su ne Maldif da maƙwabtansu. Ya lissafa shinkafa, zuma, citta, duwatsu masu daraja da giwaye. Ko ɗaya daga cikin sunayen nan ba na Sumatra ba ne.

Kuma Rumawa sun ga mutanen wurin ido da ido. Filini, marubucin Rumawa, ya ba da labarin wani 'yantaccen bawa mai karɓar harajin Bahar Maliya, nan bakin ƙofarku, wanda iska ta kwashe shi, bayan kwana 15 ya faɗa tashar Hippuros a Taprobana. Ya yi wata shida ya koyi harshen. Abin da ya burge sarkin wurin shi ne dinaran da ke jakarsa: hotunan sarakuna daban-daban a kansu, amma nauyinsu ɗaya. Sai ya tura jakadu huɗu zuwa Rum zamanin Kalaudiyus, wanda ya yi mulki daga 41 zuwa 54. Na san wannan wurin zai yi maka daɗi, ku da ba ku yarda da mutum sai kun ɗora kuɗinsa a sikeli.

Mu kuma ta wata ƙofar muka san tsibirin, kai ma ka san shi, ka manta ne. Ka tuna Malam na Ƙofar Doka idan ya zo ƙissar saukowar Annabi Adamu (AS), yakan ce a Sarandib ya sauka, a ƙasar Hindu? To shi ne dai. Wannan sunan daga wani tushe ya fito, Sihaladipa, tsibirin Sinhalawa. Wani Bagirke ɗan kasuwa da ya zama mai zaman zuhudu, Kosmas, ya rubuta wajen 550 cewa mutanen Indiya suna ce masa Siyelediba, Girkawa kuma Taprobane. Wannan jimla ɗaya ta isa ta kashe musun, don ta ɗaure sunayen biyu a jikin tsibiri ɗaya shekara ɗari tara kafin a fara ruɗewa. Larabawa da Farisawa suka ce Sarandib, wani lokaci Jaziratul Yaƙut saboda yaƙutunsa. Masanin tarihi Balazuri ya kawo cewa sarkin Tsibirin Yaƙutu ne ya aika wa Hajjaju, gwamnan Iraƙi, 'ya'ya mata na fataken Musulmi da suka rasu a can, 'yan fashin teku na Daibul suka tare jirgin, abin da ya zama sanadin yaƙin Sindi ƙarƙashin Muhammadu bin Ƙasim wajen 711. Idrisi ma ya sa Sarandib a taswirar da ya gama a Falarmo a 1154, wadda kudu ke sama, arewa a ƙasa. In ka ci karo da kwafinta sai ka juya ta kafin ka gane komai. Shi ma ya zana shi da girma fiye da kima, don Larabawa sun fassara Batlimus tun zamanin Halifa Ma'amun, sun gaji kumburin tare da ilmin.

Ibn Battuta ya je da ƙafarsa a 1344. Shi Sailan yake kiran tsibirin, Sarandib kuma dutsen. Ya hau har ƙololuwa, mita 2,243, inda sawun ƙafar yake, ya ce tsawon sawun taƙi 11 ne. Ya ce hanya biyu ce, ta Baba da ta Mama, wato Adamu da Hauwa'u, kuma wanda bai bi ta Baba mai wuya ba, a wurinsu bai yi ziyara ba. A wuraren da dutsen ya miƙe an kafa sarƙoƙin ƙarfe goma ana kamawa, ta goman ana ce mata sarƙar shahada, don wanda ya kai nan ya leƙa ƙasa sai ya yi kalmar shahada saboda tsoro. Mabiya Buda suna cewa sawun Buda ne, Hindu suna cewa na Shiba ne, ka tambayi mai shayinka zai ba ka labari. Ibn Battutan nan dai shi ne bayan shekara tara, a 1353, ya iso Takadda a ƙasar Nijar ta yau, ya rubuta cewa ana kai jan ƙarfenta Gobir. Idan na tuna ƙafa ɗaya ce ta taka wuraren nan biyu, sai in ji tsibirin bai yi mini nisa ba.

Af, Gwaggo ta ce a gaishe ka, ta ce turaren da ka aiko da azumi ya ƙare, kuma ba irin wanda ta ce ba ne. 'Yar wajen Yaya an sa ranarta bayan Maulidi, yaron malamin makaranta ne a Funtuwa, mutanen kirki. Suna sa ran ka zo, na ce musu kada su ɗora tukunya da kai.

Yanzu ga inda tela ya samo tasa. Littafin Batlimus ya ɓace wa Turawan yamma ɗaruruwan shekaru. Wajen 1295 aka tono shi a Kustantiniyya, aka juya shi zuwa Latin a farkon shekarun 1400, aka buga shi da taswirori a Bolonya a 1477, a Rum a 1478, a Ulm a 1482. Taswirorin yankuna 26 ne: Turai 10, Afirka 4, Asiya 12, kuma ta 12 ɗin Asiya, ta ƙarshe, Taprobana ce ita kaɗai da shafinta. A daidai lokacin kuma matafiya suna dawowa da labarin wani tsibiri Seilan, wato Siri Lanka, wanda bai kai ko kusa da haka ba. Marko Polo ya lura da saɓanin tun wajen 1293, ya ce kewayensa mil 2,400 ne, amma taswirorin matuƙa sun nuna da 3,600 ne, iskar arewa ce ta sa teku ta cinye sauran. Ka ga yadda ake yi wa littafi uzuri idan ido ya saɓa masa. Ana cewa gani ya kori ji, amma a nan ji ne ya yi ta korar gani.

Da uzurin bai gamsar ba, sai aka shiga neman wani tsibirin da zai cika rigar. Ana son babba, wanda layin ikwaita ya ratsa, mai giwaye da zinariya. Sumatra ta cika duka: tsawonta ya haura kilomita 1,700, ikwaita ta raba ta kusan biyu. Nikolo da Konti, ɗan kasuwar Banis da ya yi shekaru a gabas, ya dawo wajen 1440 ya ce Taprobana ita ce Sumatra. Fira Mauro, wanda ya zana babbar taswirar duniya a Banis wajen 1450, ya bi shi: ya rubuta Taprobana a kan Sumatra, ya zana Sailam daban, har ya ƙara bayani cewa Batlimus ya so kwatanta Taprobana amma Sailam kawai ya kwatanta. Dubi wannan magana da kyau. Ya gane sarai cewa bayanin Batlimus na Silon ne, wato Sailam ɗin, Siri Lanka ta yau, amma maimakon ya ce sunan na Silon ne, sai ya ce Batlimus ne ya yi kuskuren tsibiri. Wasu kuma suka ƙi zaɓa, suka zana duka: a ƙwallon duniya na Martin Behaim na 1492 akwai Taprobana, akwai kuma Seilan can gabas, tsibiri ɗaya ya zama biyu. Turawan Fotugal sun sauka Silon wajen 1505, sun ga girmanta da idonsu, amma har 1570 mai zanen taswira Orteliyus yana rubuta wa Sumatra cewa ita ce Taprobana ta da. Marubucin tarihin Fotugal, Barros, yana cikin waɗanda suka tsaya kan cewa Silon ce, kuma a hankali aka dawo kan haka a ƙarni na 17.

Taka taswirar, da giwar nan a gefe da rubutun Jamusanci a sama, ta Sebastiyan Munsta ce, wadda aka fara buga zanenta a Basil a 1540, daga baya aka riƙa sa ta cikin babban littafinsa na bayanin duniya har bugun ƙarshe na 1628. Kanun ya ce Sumatra, babban tsibirin da masanan da suke kira Taprobana. Amma zanen da ke ƙarƙashin kanun na Batlimus ne tsantsa. Ka kira su biyun, ka sa yatsa a arewa maso yammacin tsibirin, ku nemo Anurogrammum tare, ka ce wa mai shayi ya faɗi sunan tsohon birninsu. Tela zai ji da kunnensa.

Batun saye kuwa, kada ka biya kuɗin asali sai ka duba abu biyar, don kwafin zamani ya fi na gaske yawa nesa ba kusa ba. Ɗaga takardar ka kalli haske ta cikinta: takardar wancan zamani da hannu ake yin ta da tsumma, za ka ga siraran layuka a jere kusa da juna, da wasu masu kauri da suka gitta su, tazarar kusan santimita biyu da rabi. Idan fes take babu layi, ta inji ce. Duba tsakiya, dole a ga karyar ninki, don shafi biyu ne na littafi, faɗinsa wajen santimita 34, tsayinsa wajen 26. Juya bayanta, yawanci akwai rubutu bugagge. Idan tana cikin firam mai shago ya ƙi buɗewa, ka bar masa kayarsa. Ta Munsta da sassaƙaƙƙen katako aka buga ta, saboda haka ba za ka ga shatar gefen faranti da ake gani a bugun jan ƙarfe ba, sai dai layukan sun ɗan nutsa cikin takarda har kana iya jin su ta baya da yatsa. Sannan ka ari gilashin masu gyaran agogo ka duba baƙin layi da launin: idan ka ga ɗige-ɗige a jere, injin zamani ne. Launin ruwan ƙasa kada ya ruɗe ka, da ruwan shayi ake rina sabuwar takarda ta yi kamar tsohuwa, kuma irin wannan rinin bai ɗaya yake fita, alhali tsufa na gaske ya fi cin gefe-gefe da wurin ninki. In ta tabbata ta gaske ce ka saya, kada a manna ta da gam ko salatif, kada ka rataye ta inda rana ke bugu, kuma da laimar Jidda a sa kwali tsakaninta da gilashi, in ba haka ba za ta manne ta yi funfuna.

Ka turo mini hoton bayanta da na kusurwa ɗaya a kusa sosai kafin ka yi magana da mai shagon, kuma kada ka nuna masa kana so, kai ka fi ni sanin wannan.

'Yan majalisa duk suna gaishe ka. Mai Goro ya sayi babur sabo, kwana uku ɗansa ya shiga kwata da shi, Allah ya tsare ba abin da ya same shi sai ƙujewa a gwiwa. Liman ya yi fama da ƙafa amma ya fara fitowa Asuba. In akwai mai tahowa cikin masu Umara, ka ba shi turaren Gwaggo, na itace take so ba na kwalba ba. Ka gaida uwargida da yara, ka ce wa babban ya rubuto mini da hannunsa in ga ko Hausarsa tana nan.

Wassalam.

Naka,
Abokinka na Tudun Wada